Leshi Mai Gashin Zabo

Muniratu ba ta taɓa shiga ɗakin da ake haɗa fim ba sai ranar da ƙaninta Kudus ya matsa mata. Ya ce aikin hannunta zai nuna mata, in ba ta zo ba kuma ya daina cin tuwonta. Ta tashi aiki da azahar daga gidan tsohuwar da take kula da ita a unguwar Concourse Village ta Bronx, ta same shi yana jiranta a bakin tashar jirgin ƙasa. Har suka isa Brooklyn bakinsa bai huta ba. Ita kuwa tana rungume da jakarta, tana kallon takalman mutane.

Ta daɗe da sanin inda Kudus yake zuwa ranar Asabar, ko da yake bai taɓa zaunar da ita ya faɗa mata ba. Wata rana ce ya kawo mata doguwar riga da ta yage a hammata, ya ce ta wata abokiyar aikinsa ce. Da ta ɗora tef a kafaɗar rigar sai ta ga awon da ta sani, awon da take yanka masa kayan Sallah da shi. Ta gyara, ta goge, ta miƙa masa. Shi ma ya gane ta gane. Daga nan ya riƙa sakin maganar kaɗan-kaɗan, in Mma, mahaifiyarsu, ta shiga ɗaki. Bol suke kiran abin. Babban zaure ake kamawa a saki kiɗa, maza masu shigar mata da mata masu shigar maza su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna taku gaban alƙalai, wanda ya fi iya ado da tafiya a ba shi kofi. Suna da ƙungiyoyi da suke kira gidaje, kowane gida da uwarsa.

Muniratu ba ta ce masa abin yana da kyau ba, ba ta kuma ce ya bari ba. Bakinta ya kasa ɗaukar ko ɗaya. Tana sa shi a addu'a bayan kowace salla, amma da za a tambaye ta me take roƙa masa, da ba ta iya faɗi ba.

A unguwarsu ta Tremont kuwa, inda suke zaune su uku tun rasuwar mahaifinsu, Kudus ɗan albarka ne. A shagon waya yake aiki. Shi ke gyara wa tsofaffi wayoyinsu in sun danna abin da bai kamata ba, shi ke naɗe dardumai in an tashi taro, shi ke riƙe wa Mma jaka zuwa masallaci. Mata har tsiya suke yi wa Mma, wai tana ɓoye musu suruki.

Rigar da zai nuna mata ita ta ɗinka. A bara ya zo mata yana cewa akwai babbar gasa, yana son abin da ba wanda ya taɓa gani. Suka zazzage akwatinta, ba abin da ya yi masa, sai da ya kai ƙasa ya zaro wani leshi da ko ninkinsa ba a warware ba. Yayi ne, abin da mutanen Najeriya ke kira anko, na bikin Ilham 'yar Hajiya Rabi. Hajiya Rabi ita ce shugabar matan Zango a Bronx, wato irinsu da suka zo daga unguwannin Hausawa na Ghana, kuma ba ta son a ce an taɓa ganin irin nata a wani wuri. Da za ta aurar da 'yarta ba ta sayi na kasuwa ba. Farin leshi ta aika Kumasi aka rina mata, sama ruwan goro, yana sauka yana rikiɗa zuwa shuɗi mai duhu, ga ɗigo-ɗigon fari kamar gashin zabo. Makusanta kaɗai ta raba wa, ba su kai ashirin ba. Mma ta samu. Muniratu ma ta samu, don ita ta ɗinka wa yawancinsu. Sai dai nata bai ga almakashi ba. Ɗinkin mutane ya cinye lokacin, ranar bikin kuma aka rasa mai karɓarta a wurin aiki. A ranta ta ji daɗi, don taro yana sa ta rasa inda za ta ajiye hannuwanta.

Da Kudus ya yafa leshin a kafaɗa ya juya gaban madubi, sai ta ga fuskarsa ta saki yadda ba ta saki in yana cikin jallabiya. Ta ce masa na bikin Ilham ne fa. Ya ce wace Hajiya ce za ta je bol? Ta yi tunani, ba ta hango ko ɗaya ba. Ta ɗauko almakashi.

Ɗakin haɗa fim ɗin ƙarami ne, ba taga, sai babban allon kallo da kujeru. Mai fim ɗin sunanta Efua. Iyayenta mutanen Cape Coast ta Ghana ne, amma a nan aka haife ta, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ta rungume Muniratu kamar sun saba, ta ce ashe wannan ce gwanar. Ta bayyana mata cewa fim ɗin ba wasan kwaikwayo ba ne, rayuwar mutanen bol ta yi ta bi da kyamara. Ta ce Kudus ya kafa mata sharaɗi tun farko, kada a ga fuskarsa, kada a ji sunansa ko muryarsa, kuma ta cika alkawari. Amma ba ta son abin nan da ake yi a labarai, a shafa wa mutum hazo a fuska kamar wanda aka kama da sata. Don haka ta nemi wata hanya. Ta kashe fitila.

Da farko duhu ne kawai, sai ƙarar takalmi mai tsini a kan katako, ƙwas, ƙwas. Sannan haske ya faɗo daga sama kamar an ɗage rufin ɗaki, hoda na yawo a cikinsa. Aka nuno wani hannu yana liƙa gashin ido, hannun yana rawa, wani hannun ya zo ya riƙe shi. Aka nuno ƙafa mai kaushi, irin ta mai wuni a tsaye, ana tura ta cikin takalmin da ya yi mata kaɗan. Aka nuno wata ƙatuwar mata, uwar wani gida, da allura a baki, tana bin 'ya'yanta tana kama musu riguna, tana zaginsu tana shafa kansu. Wannan ya ba Muniratu dariya, don haka Mma take yi da safiyar Sallah. Efua ba ta gaggawa. Takan tsaya a kan abu ɗaya har ido ya gaji da gudu ya zauna. Gumi yana gangarowa a bayan wuya yana tsaga hoda. Madubin da ya fashe ya raba fuskar wani gida biyu, rabi da kwalli rabi babu.

Sai ga leshin.

Ya cika allon daga gefe zuwa gefe. Ba kai, ba ƙafa, sai ruwan goro yana motsi a hankali, don Efua ta rage gudun hoton har ana ganin kowane zare yana tashi yana kwanciya. Kudus ya juya, bakin rigar ya ɗaga, shuɗin ya buɗe kamar ruwa ya ɓalle, ɗigon fari suka watse suka sake haɗuwa. Kyamarar ta bi ɗinkin baya daga wuya har ƙugu, layin da Muniratu ta yi ta farkewa kafin ya yarda ya kwanta. Duk inda fuska za ta shigo sai hoton ya zame ya koma kan leshi. Mutanen zauren suna ihu, amma an danne ihun, sai ka ce daga ƙarƙashin ruwa yake zuwa. A ƙarshe ya zube ƙasa da baya, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, rigar ta tsaya a iska ɗan lokaci sannan ta sauko ta lulluɓe shi.

Muniratu ta matso kusa da allon. Tun da take ɗinki ba ta taɓa ganin aikinta haka ba. Kullum a cinyarta take ganinsa, ko a jikin mata suna cewa ya matse nan ya saki can. Hawaye ya taru mata. Amma daɗin bai kai ko'ina ba sai ta gane abin da take kallo. Fuskar ce kawai aka ɓoye. Leshin kuwa an shimfiɗa shi fili, ya fi yadda yake a gadon mai shi girma, kuma babu macen Tremont da za ta gan shi ta tsaya tambaya.

Efua ta kunna fitila tana kallonta da murmushi. Kudus ya dafa kafaɗarta.

"Sista Muni, kin ga aikinki? Ni ai sanda ce kawai aka rataya wa riga."

Ta jawo hannun rigarsa, ta ce a hankali, "Kudus, su wa za su kalli wannan?"

Ya ce mutanen fim mana, Turawa masu gilashi da 'yan jami'a. Efua ta tambayi abin da ta ce, ya fassara mata. Sai ta ƙara faɗaɗa murmushi, ta ce fim ɗin dai sai wata mai zuwa za a fara nuna shi, amma wannan guntun na leshi shi ta yanka ta yi talla da shi, kuma ya riga ya fita, mutane sai tura wa juna suke yi. Ta juyo da wayarta don Muniratu ta gani.

Turancin Muniratu ya ishe ta ba tsohuwa magani da tambayar bas. Bai kai nan ba. Ta ce leshin, mutane sun san shi. Efua ta ce ai shi ya sa take sonsa, kayan gida ne, duk ɗan Ghana da ya gani zai tuna gida. Muniratu ta girgiza kai. Maganar tana nan a ranta da Hausa, a jere, amma ta ƙi tsallakawa. Ta dubi Kudus ya taimake ta.

"Leshi leshi ne, Sista," ya ce. "Akwai irinsa dubu a kasuwa."

"Babu. Ka san babu."

Ya fara yi wa Efua bayani yana dariya, wai yayarsa ce mai tsoron inuwarta. Ya ce yayin biki ne, rinin musamman, mata kaɗan aka ba. Da ya kai nan sai muryarsa ta yi ƙasa, kamar yanzu kunnensa ya ji abin da bakinsa ke faɗi. Bai ƙarasa ba.

Efua ta zauna. Ta tambaya ko matan za su tuna wa da wa aka ba. Muniratu ta gyaɗa kai. Nan take Efua ta cire guntun daga shafinta, ta kira masu shirya nunin fim ɗin ta roƙe su su cire nasu, suka ce za su cire. Ta ce a cikin fim ɗin za ta iya sauya launin rigar ta mayar da shi kore ko wani abu, ko da yake ana gani a fuskarta cewa kamar yanka ta ake yi. Amma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane, wannan ba ta da hannun da zai kai gare shi. Idonta ya yi ja. Ta tambaya ko akwai wani abu kuma da za ta yi. Muniratu ta so a ce akwai.

A jirgin komawa Kudus ya kafa wa taga ido har suka tsallaka ruwa. Can sai ya ce ta kwantar da hankalinta, matan Tremont ban da wa'azi da hotunan biki me suke kallo? Ta ce haka ne. Ya ce chale, yadda 'yan Ghana ke kiran aboki, ko Hajiya Rabi ta gani ma sai ta nemo tabarau, kafin ta same shi hoton ya wuce. Ta yi masa dariyar da yake nema.

Kwanaki suka shuɗe ba abin da ya faru. Muniratu ta zaga shagunan atamfa na Bronx, ta sauka har Harlem ranar hutunta, tana tambaya da muryar da masu shago ke cewa ta ɗaga. Ba mai ko da makamancinsa. Ta sayi ƙyallen farin leshi da garin rini ta gwada a tsohuwar tukunya lokacin da Mma ta fita, abin ya fito kalar shayin da ya kwana. Ta ce Kudus ya dawo mata da rigar ko za ta iya fitar da wani abu daga ciki. Ya kawo ta a baƙar leda. Ashe a gidansu na bol riga ba ta mutum ɗaya ba ce, bayan shi wani ya sa, ya datse ta zuwa gwiwa, ya bi ta da duwatsu masu ƙyalli ya liƙe. Dama ita kanta siri-siri ta yanka ta don ta bi jiki. Ko tafin hannu ba a samu wurin da babu ɗinki ko dutse ba. Ta mayar masa.

Saƙon ya same ta ne a wurin aiki, tsohuwar tana barcin rana. A zauren WhatsApp na matan Zango aka turo. 'Yar wata daga cikinsu ce da ke jami'a ta ci karo da guntun, ta nuna wa uwarta don ta ga irin leshin da ke akwatinta, uwar kuma ta tura wa Hajiya Rabi. Muniratu ta shiga banɗaki ta kara wayar a kunne.

"Salamu alaikum, mata. Ku buɗe wannan ku gaya mini, leshina ne ko idona ne ya lalace? Ni na zaɓi kalar nan, ni na yi ta waya da mai rini har ya gaji da ni. Yau ga shi a jikin ɗan daudu yana karairaya gaban duniya. Daga akwatin ɗayanmu ya fita. Ban ce kowa ba, amma daga akwatin ɗayanmu ya fita."

Zauren ya kama da wuta. Wata ta yi ta salati. Wata mai sayar da wake da shinkafa, wadda bakinta ba ya da birki, ta ce Hajiya a bar zancen haram a gefe, ko wane ne ya fi mu iya sa shi, mu ranar nan kamar buhunan gawayi muka fito. Aka yi mata ca, ana dariya ana tsine mata. Sai wata ta turo hoton nata shimfiɗe a gado, ta ce nawa dai ga shi, har da tabon miyar ranar. Wata ta biyo baya, ta ce nata ya daina shigarta tun haihuwar bara amma yana nan. Ba wanda ya ce a yi haka. Kawai dai da mutum biyu suka yi, sai ya zama wadda ba ta yi ba ita ake kallo.

Muniratu ta zauna a bakin bahon wanka tana ganin hotuna na shigowa. Ta san kowace riga. Ta san wadda ta ƙara wa hannu, ta san wadda mai ita ta dawo da ita sau biyu. Tsohuwar ta farka tana kiranta, ta fita ta ba ta ruwa, ta gyara mata matashi, ta dawo ta tarar an ƙara uku. Ta kira Kudus, ya ce ya gani, wani abokin cinikinsu ya nuna masa a shago yana dariya, shi ma ya taya shi. Ya tambaye ta me za su yi. Ta ce ba ta sani ba. Ya ce ke ce babba fa. Ta ce ta sani.

Da ta koma gida bayan la'asar ta tarar da Mma zaune a falo, waya a cinya. Mma ba ta karatu, amma saƙon murya ba ya wuce ta. Ta riga ta fito da nata daga akwati, riga da zani da ɗankwali, suna ajiye a hannun kujera suna ƙanshin turaren ajiya. Ta ce Muni zo ki ɗauki hoton nan ki tura, kafin a ce mu ne. Ta ce ki ɗauko naki ma a haɗa, naki da ko yankawa ba a yi ba ai shi ya fi sauƙi.

Muniratu ta ajiye jakarta. Ta shiga ɗakinta, ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Ta san babu, amma ta yi ta ɗaga kaya tana mayarwa. A hanya ta shirya ƙarya, za ta ce ta ba wata abokiyar aiki, ko ta ce ya ɓace a wurin wanki. Da ta ji takun Mma a bakin ƙofa sai duk suka gudu.

"Ina yake?"

Ta ci gaba da ɗaga kaya cikin akwati.

"Muni, da ke nake."

Ta ɗago. Mma ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ɗaga wayar da ke hannunta ta sake kunna guntun, ta kawo shi kusa da ido. Ruwan goro ya motsa, shuɗi ya buɗe. Mma ta kalla har inda mai rigar ya zube ƙasa. Ba ta yi salati ba. Ta dafa bango, ta juya ta koma falo.

Muniratu ta ɗauka shi ke nan. Tana jiran kuka, ko a kira sunan Kudus, ko a ce ta fita. Sai Mma ta dawo rungume da kayan. Ta ware zanin daban, shi da ba a yanka ba sai kalmasa baki, ta ninke shi yadda ake ninke sabon yadi, ta tura kalmasar ciki, ta ɗora a gadon Muniratu.

"Ɗauki hoton wannan a nan. Riga da ɗankwali kuma a gadona. Ki sauya zanin gado, kada su yi kama."

Muniratu ta ɗauki hotunan. Ta tura biyun, na Mma da farko, nata daga baya. Mai wake da shinkafa ta ce oh Muni, har yau ba ki ɗinka ba? Tela ba ta da riga. Aka yi dariya. Mma ta shiga kicin ta ɗora ruwan tuwo. Kudus ya dawo ya ci, ya yi hira da ƙarfi fiye da kullum. Mma ta ƙara masa miya ba tare da ta dubi fuskarsa ba.

Abin bai tsaya nan ba. Da hotuna suka cika, aka ga kowa na da nata, sai Hajiya Rabi ta sake magana. Ta ce masha Allah, ashe aljani ne ya sa leshin. Ta ce hoto ai ko na maƙwabciya sai a ara a ɗauka. Ilham ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji, ranar Lahadi suna. Ba ta fitar da sabon yayi ba, kowa ta zo da na bikin a jikinta, a ga juna ido da ido. Ta ƙara da cewa Muni, ke ma dama ta samu, ki ɗinka naki ki fito a gan ki.

Da rana Muniratu ta ji saƙon, tare da Mma, suna tsince wake a tire. Mma ta sa aka sake kunna mata. Sannan ta ture tiren, ta tashi da ƙyar, ta ɗauko kayan ta zube su a cinyar Muniratu. Ta ce a farke rigar a rage ta, a sauya wuya da hannu yadda ba za a gane ba. Ita za ta ce gwiwarta ta tashi, ba za ta iya hawa bene ba.

Muniratu ta shafa rigar. Ita ta ɗinka ta, ta san za ta farku. Ta kuma san ramin allura ba ya ɓoyuwa a leshi ga mai neman sa.

"Mma, Hajiya za ta zo duba ki."

"Za ta zo."

"Za ta ce ki nuna mata naki."

"Za ta ce."

"To ko ni ce babu ko ke ce babu, ai gida ɗaya ne. Namiji ɗaya ne a gidan."

Mma ta ce ta sani. Ta jawo tiren ta ci gaba da tsintar wake, tana fitar da masu kyau tare da tsakuwa ba ta lura ba. Muniratu ta jira ko za ta zo da wata dabara, irin ta zanin. Mma ce kullum mai sanin yadda za a yi, ita ta san wanda za a kira da mahaifinsu ya faɗi, ita ta san yadda aka yi suka zo ƙasar nan. Yau kam ba ta da komai. A waje motar kashe gobara ta wuce da kuka, yara suna dawowa daga makaranta suna ihu da Turanci a matakala.

Can Mma ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Inda yake zuwa ɗin nan, akwai wurin kwana?"

"Akwai."

"Ki ce masa ya zauna can. Mazan unguwar nan in suka ji, ba magana za su tsaya yi ba."

"Har yaushe, Mma?"

Mma ta ɗauki rigar daga cinyar Muniratu, ta juya cikinta waje, ta nemo bakin zare a hammata ta fara ja da farce.

Muniratu ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ta daɗe tana kallon sunansa a waya kafin ta danna. Ya ɗauka da muryar shago, mai fara'a, ya ce Sista Muni yanzu yake shirin tashi, me zai taho da shi, burodi ko ayaba? Ta zauna a bakin gado. Ya ce hello, kina ji na?

"Kada ka zo gida," ta ce. "Mma ce ta ce."

Ta ji hayaniyar shagon a bayansa, wani yana tambayar caja. Ta jira ya tambaye ta me Mma ta sani, ko ya yi gardama, ko ya ce zai zo ya ɗauki kayansa. Bai tambayi komai ba.

Ya ce, "To."